Gudu Cikin Rigar Tasi'u

Shafi na 12

Da sunan Allah mai rahama. Wannan shafin na duk wanda ya taɓa zama a barandar asibiti yana jiran a kira sunan ɗan'uwansa ne. Inda kuka ga na yi kuskure ku yi mini afuwa.

*

Har aka shigar da ita zauren Mai unguwa Garba, numfashin Bushira bai gama komawa daidai ba.

Ta durƙusa daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa. Takalmin gudunta ya sha taɓo, hijabinta ya manne mata a baya saboda gumi. A saman hijabin kuma ga abin da ya jawo komai, 'yar falmaran ruwan ɗorawa mai ƙyalli, irin wadda masu gadin jinga, tudun ƙasar da ke tare kogi, suke sawa. Ta yayanta Tasi'u ce, wanda ciwon ƙoda ya ɗauke kafin azumi. Babu wanda ya ce ta cire, ita ma hannunta ya ƙi ɗaguwa.

A waje kuwa unguwa ce guda a tsaye. Wani da katifa a ka, wata da tukunya a hannu da goyo a baya, awaki sai kuka suke yi a ɗaure a jikin baro. Kowa ya dawo daga gudun ruwan da bai zo ba.

Duk wanda ya tashi a wannan gefen na Haɗeja ya san dokar. Idan damina ta yi nisa, kogi ya cika ya jingina da jinga, samari ne suke kwana a kanta da buhunan ƙasa suna toshe duk inda ya yi yoyo. Waya takan mutu, sabis yakan ɗauke. Shi ya sa tun ambaliyar da ta ci rabin unguwar aka tsayar da magana ɗaya: mai rigar gadi ba ya gudu. Ko kunama ce ta harbe shi, da tafiya zai shigo gari. Ranar da aka ga mai riga ya nufo gari a guje, to ruwa ya ɓalle, kowa ya ɗauki ɗansa.

Yau da asuba an ga mai riga a guje. Ladan bai tsaya tambaya ba, ya faɗa a lasifika.

Mai unguwa ya daɗe yana kallonta. Ƙafarsa ɗaya da takalmi, ɗaya babu.

"Bushira 'yar gidan Malam Shu'ibu."

"Na'am, ranka ya daɗe."

"Ruwa ya ɓalle?"

"A'a."

"Kare ne ya biyo ki?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Aljani?"

Ta girgiza kai.

"To me ya biyo ki?"

"Babu komai. Atisaye nake yi."

"Atisaye." Ya juya kalmar a baki kamar mai ɗanɗana miyar da ta kwana. "Ni da girmana da furfurata, yau daga kan katangar firamare aka sauko da ni. Har yanzu ban san inda takalmina ɗaya yake ba. Ashe atisaye ake yi."

Wani ya tuntsire da dariya a waje, aka ce ya rufe wa mutane baki.

Goggo Aishatu mai ƙosai ta turo kai ta ƙofa, ɗankwalinta a karkace.

"Ranka ya daɗe, a bar ni da ita. Man suyata duk na kifar a wuta, ƙulluna kaji sun yi walima da shi. Mace da gudu kamar ɓarauniyar akuya. Mu a zamaninmu ko gobara ake yi sai mun tsaya mun gyara ɗaurin zani."

"Goggo, ai ke kika fara isa tudu yau," in ji wani daga baya. "Har babur kika wuce."

"Uwarka ce ta wuce babur."

Aka sake dariya. Mutum ɗaya ne bai yi ba.

Ari, shugaban masu gadin jinga, yana tsaye jikin bango, hannuwansa harɗe a ƙirji. Aminin Tasi'u ne tun suna kamun tarwaɗa a kududdufi, shi ne ma ya shiga kabari ya karɓe shi. Tun da aka shigo da Bushira idonsa bai bar kan rigar ba.

"Ranka ya daɗe, ni ba man ƙosai ne ya dame ni ba," ya ce, muryarsa a ƙasa. "Da ladan ya yi shela, mutanena duk suka bar wurarensu suka bazama neman inda ta fashe. Jinga ta zauna babu ko mutum ɗaya a kanta, kogi kuma yana lasar buhun sama. Da a lokacin ta tsage fa?"

Ya dubi jama'ar da ke bakin ƙofa.

"Kuma gobe idan ni na shigo a guje da gaske, me za a ce? Za a ce ku koma barcinku, 'yar Malam Shu'ibu ce take motsa jini."

"Yaya Ari, wallahi ban yi da niyya ba." Bushira ta ɗago kai. "Kullum a ƙarƙashin hijabi nake sa ta. Yau iska ce take ta kaɗa hijabin yana harɗe ni, shi ne na ɗora ta a sama ta riƙe mini shi. Kuma kullum a gindin tsamiya nake tsayawa, in shigo gari da tafiya. Yau ne kawai..."

"Yau ne me?"

"Yau ne karon farko da na ji ƙafata za ta kai ni ƙarshe. Ban ga tsamiyar ba. Ban ga kowa ba."

"Mu mun gan ki."

Ta mayar da kanta ƙasa.

"Da bakina na tambayi rigar nan ranar sadakar bakwai," Ari ya ci gaba. "Aka ce an duba ba a gani ba."

"Ni na ɓoye."

"Ki yi me da ita?"

Hawayen da take ta dannewa suka zubo.

"Idan na sa ta sai in ji kamar yana gefena. Yana cewa raguwa, ɗaga ƙafa mana."

Ari ya kawar da kai ya kalli bango.

Mai unguwa ya yi gyaran murya.

"Wai ni gudun me ne wannan da ya fi hankali? Ki yi mini bayani yadda zan gane."

Bushira ta goge fuska da bakin hijabi. Ita da ko a aji ba ta iya ɗaga hannu, yau ga ta a gaban unguwa guda.

"Ranar Asabar ne, ranka ya daɗe. Rabin gudun famfalaƙi, kilomita ashirin da ɗaya. Ƙungiyar Sauƙi ce ta shirya, masu tallafa wa masu wankin ƙoda. Duk mai gudu zai ɗauki sunan majinyaci ɗaya a bayansa. Mutane su yi maka alkawari, idan ka kai ƙarshe su cika, a biya wa majinyacinka jini da allurai da wanki."

"Idan ba ka kai ba fa?"

"Babu."

"Ke sunan wa kika ɗauka?"

"Precious."

"Wa?"

"'Yar Anti Rifkatu, malamar firamare. Yarinya ce, ko sakandare ba ta gama ba. Gadonta yana kusa da na Yaya Tasi'u a ɗakin wanki. Idan injin ya fara tana kuka, shi yake ba ta labarin ƙarya har ta yi barci. Bayan rasuwarsa na je ɗauko bargonsa, ta tare ni ta ce yaushe zai dawo, bai ƙarasa mata labarin kada da ɗan sanda ba. Babu wanda ya gaya mata."

Ta ci gaba.

"Uwarta ta sayar da firij, ta sayar da keken ɗinki. Ni ba ni da abin sayarwa sai ƙafa. Na bi masu kifi rumfa rumfa, na bi matan unguwa gida gida. Goggo ma ta yi mini alkawari."

"Na fasa," Goggo Aishatu ta ce, amma ba da ƙarfin ɗazu ba.

"Mu ma mun fasa," wata murya ta ce daga waje. "A fara biyan ɓarnar yau tukuna."

Bushira ta juya tana neman mai maganar, ta buɗe baki za ta roƙa. Sai ta ga mutane suna darewa gida biyu.

Babanta ne.

Malam Shu'ibu mai busasshen kifi, mutumin da ko sharar ƙofar gida ba ya fitowa babu hula, yau ga shi kai a buɗe. Ya yi sallama, ya gaida Mai unguwa, ya zauna. Bai kalli inda take ba.

"Malam Shu'ibu, sannu. Ka ga abin da ya faru."

"Na gani, ranka ya daɗe."

"Ka san tana wannan gudun?"

Baba ya ɗan yi murmushin da ya fi kuka ciwo.

"Da aka ce ruwa, ban ɗauki ko tsinke ba. Na bar uwarta a hannun maƙwabta na nufi makarantar hadda, tunda can 'yata take zuwa kullum da asuba. Haka ta gaya mini. Na tarar da malamarsu tana kulle ƙofa. Na ce ina Bushira. Ta ce wace Bushira, ai tun bayan Sallah ba ta ga ƙeyarta ba."

"Baba..."

"Sai wani ya ce an ga mace a kan jinga." Har yanzu Mai unguwa yake kallo. "Na tsaya a tsakiyar titi mutane suna bangaje ni. Ina tunanin yadda zan shiga in gaya wa Binta cewa a shekara ɗaya za mu sayi likkafani na biyu."

"Baba ka yi haƙuri. Na san idan na faɗa maka ba za ka bari ba."

"To kin sani."

Mai unguwa ya numfasa.

"Ni nawa hukuncin mai sauƙi ne. Riga ta koma hannun masu ita. Jinga kuma kada a sake ganin ƙafarki a kanta, da gudu ko da tafiya, har ruwa ya janye. Maganar Asabar ba tawa ba ce, ga ubanki nan."

Sai a lokacin Baba ya juyo ya dube ta. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Ranka ya daɗe ka zama shaida, jama'a ku zama shaida. Wallahi tallahi, idan Bushira ta ɗaga ƙafa da sunan wannan gudun, ranar Asabar ko wata rana, ban yafe mata ba. Duniya da lahira."

"Malam Shu'ibu, da ka sassauta," in ji Mai unguwa. "Rantsuwa cikin fushi..."

"Na riga na yi."

Bushira ta rufe fuska da hijabi. Watanni tana tashi kafin zakara, farcen ƙafarta biyu sun fita, ta yi amai a cikin ciyawar kacala ba sau ɗaya ba. Duk ga shi baki ɗaya ya shafe.

Ari ya matso ya miƙo hannu.

Ta zare rigar a hankali. Ta riƙe ta a ƙirji har sai da ya ce, "Bushira." Sannan ta saki.

*

A soron gidansu Baba ya zauna a kan buzunsa, ya jingina da bango ya miƙe ƙafafu. Bai ce ta shige ciki ba, bai ce ta zauna ba. Ta tsaya a raɓe jikin ƙyaure.

Daga tsakar gida, bayan labule, ana jin Inna Binta tana mayar da kwanuka wurinsu, tana yi tana hutawa. Tun rasuwar Tasi'u jininta ya hau bai sauko ba. Ɗazu ma da lasifika ta ɗauka, sai da aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo.

"Baba, in kawo maka ruwa?"

Ya gyara zama a kan buzun.

"Baba, ka dake ni. Don Allah ka dake ni, amma ka yi mini magana."

Ya ɗauki carbinsa.

"Salamu alaikum. Baban Tasi'u yana ciki?"

Bushira ta juya. Ta san muryar.

Anti Rifkatu ta shigo babu ɗankwali, babu jaka, waya kawai a hannunta. Gaban rigarta daga kafaɗa har ciki jini ne, ya bushe ya yi baƙi.

"Anti, me ya same ki?"

"Ba nawa ba ne."

Ta durƙusa a gaban Baba, gwiwa biyu a ƙasa.

"Baba, ina kwana. Ka yi haƙuri na shigo maka haka."

"Lafiya, Malama? Tashi ki zauna a tabarma."

"Nan ma ya isa." Ta ja numfashi. "Da aka yi shela, mun fito babu adaidaita ko ɗaya da ya tsaya mana. Na goya Precious. Ka san gidanmu a kwari yake. Wajen kwalbati mutane suka turo mu muka faɗi, aka bi ta kanmu. Robar da aka sa mata a wuya, wadda ake haɗa ta da inji, ta fizge."



"Da ɗankwalina na danne wurin har asibiti. Jinin ya tsaya, mun gode Allah. Amma yau ce ranar wankinta, kuma babu roba babu wanki. Ruwa ya cika mata ƙirji. Ba ta iya kwanciya, a zaune take jan numfashi kamar kifin da aka jefo kan tudu. Likita ya ce a nemo sabuwar roba kafin la'asar."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," Baba ya ce a hankali.

"Anti..." Bushira ta zube a gefenta. "Anti, ni ce. Ni ce na..."

"Na sani. A asibiti ba a maganar kowa sai taki."

"Ki yafe mini."

"Ba ni da lokacin fushi yau, Bushira. Gobe zan yi, idan tana da rai."

Ta juya ga Baba.

"Na je wurin Malam Mustapha, sakataren ƙungiyar. Ya ce zai iya fitar mini da kuɗin roba da na wankin yau daga cikin alkawarin da aka yi wa Bushira, tunda masu kifi ba su janye nasu ba. Amma labari ya iske shi cewa an hana ta gudu. Ya ce amanar mutane ce, ba zai taɓa ba sai ya ji daga bakinta cewa za ta fito ranar Asabar. Yanzu zai kira."

Ta ɗora wayar a kan tabarma, tsakaninsu.

Baba ya kalli wayar kamar maciji aka ajiye masa.

"Malama, akwai kwandon kifi biyu a ɗaka. A ɗauka a sayar."

"Kasuwa sai Lahadi, Baba."

"Zan nemi wanda zai karɓa yau, ko a faɗuwa."

"Allah ya saka. To mako mai zuwa fa? Da na bayansa?"

"Na rantse, Malama. A gaban jama'a na rantse."

"Rantsuwa tana da kaffara, Baba," Bushira ta ce da sauri. "Miskinai goma. Ni zan nemo, ni zan dafa, ni zan kai."

"Ka ji malamar da ba ta zuwa hadda."

"Baba, kwana ɗaya ne. Ba a kan jinga ba ne, a kan titi ne, da 'yan sanda da motar asibiti. Da hijabina zan yi. Daga ranar ko tafiya da sauri ba za ka sake ganin na yi ba."

"Na ce a'a."

"Ni na jefa ta a wannan halin."

"Da kika tashi jefa ta kin yi shawara da ni?"



Baba ya ajiye carbin. Da ya sake magana muryarsa ta sauka, don kada ta haye labule.

"Malama, ke kin san ni, na san ki. Benci ɗaya muka zauna a barandar nan wata da watanni. Injin nan na gan shi da idona. Gonar fadamata na sayar na zuba masa, ya shanye. Shanun huɗata ya shanye. Me ya dawo mini da shi? Saurayin da yake ɗaga buhun ƙasa biyu a kafaɗa, ranar da muka ɗauke shi ko nauyin ɗan akuya bai yi ba. Wahala ce kawai ake saya wa mutum da tsada."

Anti Rifkatu ta ɗago ta dube shi.

"Ko wahalar ce, Baba, ina so in saya mata. Jiya ta ci tuwo loma uku, ta ce miyata ba gishiri. Ina so ta sake zagin miyata."

Baba ya rufe ido.

Wayar ta fara ƙara.

Ta haska a kan tabarma, tana rawa tana matsawa kaɗan kaɗan. Babu wanda ya taɓa ta.

"Shi ne," Anti Rifkatu ta ce.

Bushira ba ta san lokacin da ta rarrafa ba. Ta faɗa kan ƙafafun babanta ta rungume su da hannu biyu, ta kifa goshinta a kai, yadda take yi tana ƙarama idan ta fasa kwano.

"Baba don Allah. Don darajar iyayenka. Don Yaya Tasi'u. Ka janye, Baba, ka janye..."

Sai ta tsaya.

Abin da ke cikin tafin hannunta ba ƙafar babanta ba ce. Ƙafar Malam Shu'ibu siririya ce, duk ƙashi da jijiya, ta sha matsa masa ita idan ya dawo daga kasuwa. Wannan kuwa ta cika safa tam, ta yi taushi, ta yi sanyi kamar ƙullin da ya kumbura.

Safa. A wannan zafin.

Ya yi yunƙurin janyewa, ta riƙe. Ta ja bakin safar ƙasa, ta ɗora babban yatsanta a saman idon sawu ta danna, yadda nas ta koya mata ta riƙa yi wa Tasi'u kowace safiya.

Ta ɗaga yatsan.

Wurin ya lotsa. Ramin ya zauna, bai taso ba.

Anti Rifkatu ta gani. Ta sa hannu ta toshe bakinta.

Wayar ta katse.

"Baba," Bushira ta ce, da ƙyar sautin ya fita. "Tun yaushe?"

"Sake ni."

"Ka je asibiti?"

"Na ce ki sake ni."

"Fitsarinka yana kumfa? Baba, da safe fuskarka tana..."

"Ke." Ya sunkuyo har tana jin hucin numfashinsa. "Ki rufe mini baki. Babu abin da ya rage a gidan nan da za a zuba wa inji, kuma ba zan kwanta a gadon da ɗana ya mutu a kai ba. Uwarki ba za ta ɗauki wannan ba. Idan kika bari ta ji, ke kika kashe ta."

Bayan labule aka ji ƙarar ludayi a jikin kwano. Inna tana dama kunu.

Wayar ta sake ɗaukar ƙara.

Bushira ta kalli wayar. Ta kalli jinin da ya bushe a rigar Anti Rifkatu. Ta kalli ramin da yatsanta ya bari a ƙafar babanta. Tun da aka haife ta ba ta taɓa haɗa ido da shi ba idan yana faɗa. Yau ta ɗago.

"Ka janye, Baba."

"Me kika ce?"

"Ka janye rantsuwar in ɗauki wayar nan." Ba ta saki ƙafar ba. "In ba haka ba zan kira Inna ta zo ta taɓa da hannunta."

"Bushira, a'a," Anti Rifkatu ta ce. "Ba haka ba."

Baba ya zuba mata ido kamar yau ya fara ganinta.

"Ni kike yi wa ciniki da ran uwarki?"

"Ban san me nake yi ba, Baba. Wallahi ban sani ba. Ka janye kawai."

Wayar tana ta ƙara. Leɓen Baba ya motsa, bai kai ga furta komai ba.

Labule ya ɗaga.

Inna Binta ce tsaye da kwanon kunu a hannu, tana kallon 'yarta a ƙasa, da baƙuwa cikin jini, da mijinta yana ƙoƙarin jan bakin wando ya rufe ƙafa.

"In zo in taɓa me?"